Bututun roba ko na ƙarfe: wanne ya fi jure toshewa a magudanar ruwan maɗaciya?

Hanta tana tatso ruwan maɗaciya kullum, daga rabin lita zuwa kusan lita ɗaya. Ruwan yana gangarowa ta wata siririyar magudana da faɗinta bai fi milimita 6 ba a jikin lafiyayye, ya zuba a farkon ƙaramin hanji. In tsakuwa ta tare hanyar, ko tabo ya tsuke ta, ko ciwon daji na kan fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya matse ta, sai ruwan ya koma cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayi ya hana barci. Wannan ita ce shawarar toshewa, kuma babu jiƙon da ke buɗe ta. Likitan ciki ne yake zura na'urar leƙa ciki ta baki har bakin magudanar, aikin da ake kira ERCP, ya cusa ɗan bututu mai suna siten ya ratsa wurin da ya tsuke.

Kowane siten yana da wa'adinsa. Na roba yana toshewa, na ƙarfe ma yana toshewa, sai dai kowanne da hanyar da yake bi da tsawon lokacin da yake ɗauka. Wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa likita ya ce wa wani roba, ya ce wa maƙwabcin gadonsa ƙarfe, alhali su biyun shawara ce ta kawo su.

Yadda na roba yake cika

Tun wajen 1979 da Nib Soehendra ya fara sa siten ɗin roba ta na'urar leƙa ciki a Hambog ta ƙasar Jamus, matsalarsa ɗaya ce har yau: ƙanƙanta. Ana auna kaurinsa da ma'aunin Fr, kuma kowane Fr uku milimita ɗaya ne. Mai lamba 7 milimita 2.3 ne, mai lamba 10 milimita 3.3, mai lamba 11.5 kuma milimita 3.8. Wannan kaurin waje ne, ramin ciki bai kai haka ba. Ba za a iya yin wanda ya fi wannan girma sosai ba, domin dole ya bi ta ramin na'urar, wanda faɗinsa milimita 4.2 ne a babbar na'ura.

A ƙarshen magudanar akwai wata 'yar tsoka mai tsuke baki kamar zariya, mai suna Oddi. Aikinta ta bar ruwan maɗaciya ya fita, ta hana abin da ke cikin hanji ya shigo. Da zarar siten ya ratsa ta, ƙofar ta zauna a buɗe dare da rana. Daga nan komai ya faro.

Cikin 'yan kwanaki furotin da ke cikin ruwan maɗaciya yake kwanciya a bangon bututun. Bakteriyar hanji, musamman E. coli da Klebsiella da Enterococcus, su hauro su manne a kan wannan shimfiɗa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi kamar gansakukar cikin randa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa yauƙin nan sosai, sojojin jini ma ba sa kai musu. Suna zaune a ciki suna fitar da sinadaran da ke warware bilirubin, wato abin da ke ba ruwan launin rawaya, da kitsen ruwan maɗaciya, abin da aka warware ya haɗu da kalsiyam ya daskare ya zama laka mai launin ƙasa-ƙasa. Sannan ga zare-zaren ganye da na hatsi da ke kwararowa baya daga hanji, su maƙale a bakin bututun su zama raga mai kama duk abin da ya zo wucewa. Wanda ya taɓa yashe kwata bayan damina ya san tsarin: leda da kara su tare baki, yashi ya taru a bayansu.

Faɗi yana da tasiri fiye da yadda ido ke gani. A ka'idar gudun ruwa cikin bututu, in aka ninka faɗin rami sau biyu, ruwan da ke wucewa yana ninkuwa sau 16. Shi ya sa mai lamba 10 ya fi mai lamba 7 daɗewa nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da ake sawa in ana son watanni. Abin mamaki, mai lamba 11.5 bai nuna ya fi mai lamba 10 daɗewa ba a gwaji, ga shi ya fi wuyar cusawa. An gwada sauya robar zuwa Teflon, an gwada cire ramukan gefe inda laka ke son taruwa, an shafa masa sinadarai masu santsi. A ɗakin gwaji duk sun yi kyau, a jikin mutum bambancin bai taka kara ya karya ba. Mai lamba 10 yakan kai wata uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da matsala.

Na ƙarfe: mara riga da mai riga

Siten ɗin ƙarfe ya shigo a ƙarshen shekarun 1980. Raga ce ta siririyar waya, yawanci naitinol, wato gaurayen nikel da taitaniyam. Ana shigar da shi a matse cikin siririn kube, a zare kuben, ya buɗe da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu har ya kai milimita 8 ko 10. Wato ya ninka na roba sau uku a faɗi, don haka laka tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta cika shi.

Mara riga raga ce tsirara. Tana nutsewa cikin naman magudanar cikin 'yan makonni, shi ya sa da wuya ta zame daga wurinta. Nutsewar nan kuma ita ce aibinta. Ƙari yana ratsa idanun ragar kamar yadda yaɗo ke ratsa shinge, ya cika ramin daga ciki. Ko babu ƙari, fatar cikin magudanar tana kumbura ta tsiro ta cikin ragar saboda gogar ƙarfe. Kuma in ya nutse, ya zauna ke nan, cire shi aiki ne mai wuyar gaske da haɗari.

Mai riga an lulluɓe ragarsa da siririn silikon ko makamancinsa, ko dai gaba ɗaya ko a bar bakunan biyu tsirara. Rigar tana hana ƙari ratsowa, kuma mai cikakkiyar riga ana iya cire shi. Sai dai abin da ba ya kama nama yana iya zamewa, ko ya gangara hanji ko ya haura sama. Rigar ma roba ce, laka da yauƙi suna kwanciya a kanta kamar yadda suke yi a siten ɗin roba. Ƙari yana iya zagayowa ta saman bakinsa ya rufe. Haka nan rigar tana iya toshe bakin reshen da ke zuwa maɗaciya ko rassan da ke cikin hanta. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ribar da mai riga ya ci wajen hana ƙari ratsowa kusan ta tafi a zamewa da laka, shi ya sa a ciwon dajin ƙasan magudana ba a ce ɗaya ya kayar da ɗaya ƙasa warwas ba.

Tsakanin roba da ƙarfe kuwa babu jayayya. Gwajin da aka yi a Amsterdam aka buga a 1992 ya sami matsakaicin kwana 126 ga na roba da kwana 273 ga na ƙarfe. Wani gwajin na asibitocin Holan da aka buga a 2015 ya sami kwana 172 ga roba, 288 ga mara riga, 299 ga mai riga rabi. Gwajin na biyu ya ƙara da cewa in aka haɗa kuɗin shekara guda, da kwanciyar asibiti da maimaita aiki, ƙarfe bai fi roba tsada ba, duk da kuɗin sayensa ya ninka na roba sau da yawa. Lissafin Turai ne, inda kwanan asibiti ke da tsadar gaske. Amma ga wanda ke biya daga aljihunsa kuma sai ya yi tafiyar yini, ko ya hau jirgi zuwa Masar ko Indiya, kafin ya sami inda ake ERCP, lissafin ya ma fi karkata ga ƙarfe. Arahar roba ta ranar farko ce. A haɗa da kuɗin mota, masauki, mai jinya da maganin barci sau uku ko huɗu a shekara kafin a yanke hukunci.

Ciwon ne ke zaɓar bututu

Ciwon daji a ƙasan magudana ko kan fankiriyas, wanda aka tabbatar kuma tiyata ba za ta cire shi ba: ƙarfe. Wannan shi ne matsayin ƙungiyar likitocin leƙa ciki ta Turai, ESGE, a ƙa'idojinta na 2018. A da ana cewa wanda ba a sa ran zai wuce wata huɗu ba a sa masa roba, amma hasashen kwanan mutum ba abin dogaro ba ne, kuma toshewa a tsakiyar shan maganin daji tana dakatar da maganin ta jefa majiyyaci cikin zazzaɓi lokacin da garkuwar jikinsa take ƙasa.

In ba a tabbatar da abin da ya tsuke magudanar ba, kada a sa mara riga. Wannan doka ce da bai kamata a karya ba. Tabo daga tiyata, kumburin fankiriyas na dogon lokaci, da wani kumburi da garkuwar jiki ke haddasawa wanda ke warkewa da magani, duk suna iya kama da daji a hoto. Wanda aka sa wa mara riga, daga baya aka gane ba daji ba ne, an bar shi da ƙarfen da zai toshe kuma ba ya ciruwa, ga shekaru masu yawa a gabansa. A nan roba ko mai cikakkiyar riga ne kawai, har sakamakon nama ya fito.

Wanda za a yi wa tiyatar cire ƙari nan kusa, sau da yawa ba ya buƙatar siten sam. Gwajin Holan na 2010 ya nuna matsaloli masu tsanani a kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka fara sa wa roba kafin tiyata, da kashi 39 na waɗanda aka wuce da su tiyata kai tsaye. Ana sawa ne in akwai zazzaɓin magudana, wato bakteriya sun kama magudanar da ta toshe, ko shawarar ta yi tsanani ƙwarai, ko za a jinkirta tiyata, ko za a fara da maganin daji. In za a sa, gajeren ƙarfe ya fi roba, a ajiye shi ƙasa don ya bar wa likitan tiyata lafiyayyar magudana a sama da zai ɗinka.

Tsukewar da ba daji ba, kamar wadda ke biyo bayan cire maɗaciya ko dashen hanta, a nan burin ya sauya. Ana so a buɗe tabon ya zauna a buɗe, sannan a cire komai. Hanya biyu ce. Ta farko, wadda likitocin birnin Roma suka yayata a 2001, ita ce a jera siten ɗin roba da yawa gefe da gefe, a sauya su duk wata uku zuwa huɗu ana ƙara yawansu, har shekara guda. Ruwa yana bi ta tsakaninsu ko da wasu sun toshe, don haka jerin ya fi guda ɗaya jurewa. Ta biyu ita ce mai cikakkiyar riga na milimita 8 zuwa 10, a bar shi wajen wata shida, wani lokaci fiye, a cire. Ta farko tana cin ERCP huɗu ko biyar, ta biyu biyu kawai in bai zame ba. In tabon yana kusa da inda magudanar ta rabu biyu a gindin hanta, roba ta fi, don rigar za ta iya rufe reshe ɗaya.

Tsakuwar da ta ƙi fita a zama ɗaya, wadda ake yawan gani har ga masu sikila saboda yawan fashewar jini, roba ake sa mata na wucin gadi. Mai lanƙwasa a baki biyu kamar jelar alade ya fi zama daram. A dawo cikin wata uku zuwa shida a cire tsakuwar da bututun. Barin sa a matsayin maganin dindindin yana jawo zazzaɓin magudana mai kisa.

Ƙari a gindin hanta, inda rassan dama da hagu suke haɗuwa, shi ne mafi wuya. Ana duba hoton MRI tun kafin aiki a zaɓi ɓangarorin da za a buɗe, ana neman aƙalla rabin hanta ya sami mafita. In ƙarfe ne, mara riga ake sawa don ƙananan rassa su ci gaba da zuba ta idanun ragar. Cibiyoyi da dama sun fi son roba a nan in ana sa ran majiyyaci zai daɗe, domin gyaran ragogi biyu da suka sarƙe da juna ba wasa ba ne.

Abin da ke hana toshewa, da abin da ba ya hanawa

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana riƙe siten a buɗe. An gwada ursodiyol, maganin da ke tsinka ruwan maɗaciya, shi kaɗai da kuma haɗe da magunguna irin su sifrofuloksasin. Da aka tattara gwaje-gwajen ba a ga ƙarin kwanakin bututu ba, ba a ga ƙarin kwanakin majiyyaci ba. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni yana horar da bakteriya ne kawai, ranar da zazzaɓin gaske ya zo maganin ya ƙi ci. Siten mai bawul da ke hana abin hanji komowa, da ajiye siten gaba ɗaya a saman tsokar Oddi da zare a jikinsa don a jawo shi, dabaru ne da ake gwadawa, ta biyun likitocin Japan ne suka fi yin ta. Hankali yana karɓar su, sakamakonsu dai bai daidaita ba tukuna.

Rabin rigakafin yana hannun mai sa bututun. Roba ta zama lamba 10 in dai magudana za ta ɗauka. Tsawo ya dace: bakin sama ya wuce tsukewar da santimita ɗaya zuwa biyu, na ƙasa ya leƙo hanji da kusan santimita ɗaya. In ya yi tsawo da yawa yana tokare ɗaya bangon hanjin, ya toshe ko ya yi rauni, in ya gaza kuma sai ya shige ciki. Ƙarfen da aka saƙa wayarsa yana gajarta sosai in ya buɗe, sai an yi lissafin haka. Mai tauri da yawa yana neman miƙewa a magudana mai lanƙwasa, ya tanƙware ta a bakinsa na sama. A share laka da tsakuwa kafin a sa. Kada a ɗura ruwan hoto, wanda ke sa magudana ta fito a hoto, a reshen da ba za a iya zubar da shi ba, domin ruwa mai bakteriya a rufaffen wuri ƙurji ne ke jiran lokaci.

Ɗaya rabin kalanda ce. A sauya roba a wata uku, kada a jira ta toshe. Kowace ERCP tana da nata haɗari, musamman kumburin fankiriyas, wanda ake rage shi da diklofenak ko indometasin miligiram 100 ta dubura dab da aiki. Duk da haka sauyin da aka shirya, majiyyaci na tafiya da ƙafarsa, ya fi wanda za a yi da tsakar dare jini ya riga ya ɗauki cuta. Kada a bar asibiti ba tare da takarda mai ɗauke da irin siten, lambarsa, tsawonsa, yawansa, ranar da aka sa da ranar da za a dawo ba. Siten da aka manta matsala ce sananniya: mutum ya ji sauƙi, ido ya washe, ya ɗauka an gama. Bayan shekara biyu ko uku a tarar tsakuwa ta ginu a jikin bututun ta zama dunƙule guda, wani lokaci sai an buɗe ciki.

Batun abinci, an ga zaren ganye a cikin bututun da suka toshe, kuma maƙalewar abinci tana yawa in ƙari ya tsuke hanjin kansa abinci na taruwa a bakin siten. Ga irin wannan majiyyaci, a tauna sosai, a dafa ganye ya yi laushi, a rage abinci mai zare-zare kamar rake da mangwaro mai gashi. Ba a tabbatar da cewa wani tsarin abinci yana ƙara wa siten kwana ba, don haka kada a hana mai ciwon daji da ke ramewa abincin da yake iya ci. Jiƙe-jiƙen shawara kuwa ba sa wanke bututu, wasunsu ma suna ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi.

Wanda aka sa wa bututu ta fata, ya ratsa hanta ya fito gefen ciki, nasa tsarin daban ne. Shi ana wanke shi da ruwan gishirin asibiti mililita 5 zuwa 10, sau ɗaya zuwa uku a rana gwargwadon umarnin likita. A tura a hankali, kada a zuƙo baya, kada a matsa in ya ƙi shiga. Ana sauya shi duk wata biyu zuwa uku. Jakar da ta daina cika, ko ruwa da ke tsiyaya ta gefen bututun yana jiƙa bandeji, alamar toshewa ce ko lanƙwashewa.

In ya toshe

Fitsari ne yakan fara duhu, ƙaiƙayi ya dawo, sannan ido. A gwajin jini, sinadaran hanta da ake kira ALP da GGT sukan hau kafin bilirubin. Abin tsoro shi ne zazzaɓi da rawar ɗari, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, nan ake asarar kwanaki: a sayi maganin maleriya, bai yi ba a koma na taifod, alhali ruwa mai ruɓa ne ke matse a hanta yana tura bakteriya cikin jini. Mai siten da ya yi zazzaɓi, toshewa ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, ko da gwajin maleriya ya nuna akwai, ko da idon bai yi rawaya ba. In ƙarfin bugun jini ya faɗi ko hankali ya fara gushewa, ana so a buɗe hanyar cikin awa 12. Matsakaicin hali yana iya kaiwa kwana biyu zuwa uku ana ba da ruwa da maganin jijiya. Maganin yana sayen lokaci ne, buɗe hanyar ne ke warkarwa.

Hoton ciki na sauti yakan nuna magudanan hanta sun kumbura. Iska a cikin magudanan alama ce mai kyau ga mai siten, tana nuna hanyar a buɗe take zuwa hanji, ɓacewarta kuma tana sa a yi zargi.

Robar da ta toshe ba a wanke ta, cire ta ake yi a sa sabuwa, kuma in daji ne, lokacin komawa ƙarfe ya yi. Mai cikakkiyar riga ana jawo shi a sa wani. Mara riga yana nan inda yake: in laka ce ana share ta da balan-balan, amma sharar kaɗai ba ta daɗewa, shi ya sa yawanci ake cusa wani siten a cikinsa, ko ƙarfe mai riga in ƙari ne ya ratso, ko roba in ana neman abu mai sauƙi. In ƙari ya rufe hanji har na'urar ba ta kai bakin magudanar, sai a bi ta fata, ko a huda daga cikin tumbi ko hanji da na'urar leƙa ciki mai hoton sauti a cibiyoyin da ke da ita.